Samurai 47 na Ako: inda tarihi ya tsaya, da inda masu ƙaga labari suka ɗora

Duk labarin da aka gina a kan mayaƙa da mutunci da ɗaukar fansa yana tsayawa ne a kan laifin farko, wato cin zarafin da ya tayar da fitinar, domin in mai karatu bai gamsu cewa an yi wa jarumi abin da ba ya yafuwa ba, duk jinin da za a zubar daga baya kisan gilla zai zame a idonsa. Shi ya sa marubutan irin waɗannan labarai ba sa rowar tawada wajen munana azzalumin. Labarin fansa mafi shahara a ƙasar Japan kuwa, wanda aka shafe sama da shekara 300 ana maimaita shi a dandalin wasan kwaikwayo da littattafai da fina-finai, ya samo asali ne daga wani abu da ya faru da gaske, amma wanda ya tayar da rigimar ya mutu bai bayyana dalilinsa ba. Wannan giɓi shi ne mabuɗin fahimtar labarin, da ma dangoginsa na wasu ƙasashe.

Ranar 21 ga Afrilun 1701 ana cikin hidimar karɓar manzannin Sarkin Japan a fadar Shogun da ke Edo, birnin da yanzu ake kira Tokiyo. A wancan zamani sarkin yana zaune a Kiyoto da darajarsa, amma mulki da takobi suna hannun Shogun, shugaban gwamnatin soja ta gidan Tokugawa, kuma Tsunayoshi ne a kan gado. Cikin iyayen ƙasar da aka ɗora wa nauyin saukar baƙin akwai Asano Naganori, ɗan shekara 33, mai mulkin Ako, wani yanki na bakin teku a yammacin ƙasar da ya yi suna wajen gishiri. Wanda aka sa ya nuna masa ƙa'idojin fada shi ne Kira Yoshinaka, dattijo mai kimanin shekara 60, babban jami'in bukukuwa wanda gidansu ya gaji wannan aiki. A wani dogon zaure na cikin fadar, Asano ya zare gajeren takobinsa ya sari Kira a baya da goshi, kafin wani jami'i mai suna Kajikawa Yosobei ya rungume shi ya hana shi ƙarasawa. Kajikawa ya rubuta daga baya cewa ya ji Asano yana ɗaga murya a kan wani ƙulli da yake riƙe da shi a 'yan kwanakin nan, kuma iyakar abin da shaidar gani da ido ta bari ke nan.

Zare takobi a fadar Shogun laifi ne na kisa, balle a ranar da manzannin sarki ke ciki. Tsunayoshi bai jira dogon bincike ba, ya ba da umarni Asano ya kashe kansa ta hanyar farke ciki kamar yadda al'adar samurai, wato ajin mayaƙan Japan, ta tanada, kuma kafin dare ya yi nisa an zartar. An ƙwace ƙasar Ako, an rushe gidan sarautar, an bar Kira ya koma gida jinya ba tare da ko tsawatarwa ba. A nan ne mutanen Asano suka ga an yi musu rashin adalci, domin akwai tsohuwar ƙa'ida tsakanin mayaƙa cewa in faɗa ya haɗa mutum biyu, dukansu ake hukuntawa ba tare da tambayar wa ya fara ba. Gwamnati ta kafa hujja da cewa Kira bai taɓa takobinsa ba, saboda haka abin da ya faru hari ne, ba faɗa ba. Ta fuskar doka hujjar tana da ƙarfi, amma ta fuskar mayaƙa ita kanta abin kunya ce ga Kira, tunda ta nuna an sare shi bai ko yunƙurin kare kansa ba.

Bayanin da ya fi yaɗuwa, cewa Kira maci amana ne mai kwaɗayin toshiyar baki wanda ya riƙa wulaƙanta Asano don bai kai masa kyauta mai tsoka ba, zance ne da ya bazu bayan aukuwar abin, sannan marubuta suka ɗauka suka yi masa ado. Wasu sun danganta rigimar da sirrin sana'ar gishiri, wasu da saurin fushin Asano. Mai yiwuwa ne akwai gaskiya a zancen kyautar, domin kai wa jami'in fada alheri al'ada ce sananniya a lokacin, sai dai al'adar da kowa ke yi ba ta isa ta mayar da mutum ɗaya shaiɗan ba.

Labarin ya isa Ako, nisan kimanin kilomita 600, cikin kwana huɗu da rabi, kuma nauyi ya faɗa wuyan babban bafaden gidan, Oishi Kuranosuke. Aikinsa na farko ba shi da alaƙa da takobi. Ako tana da takardun kuɗinta na kanta, waɗanda za su zama takardar banza da zarar an rushe gidan, don haka sai da aka tattara azurfar da ke baitulmali aka fanshe su a hannun 'yan kasuwa da talakawa a kan kashi 60 cikin 100 na darajarsu. Bayan muhawara mai zafi tsakanin masu cewa a rufe ƙofofi a yi yaƙi, da masu cewa a mutu tare, da masu cewa a sallama, an miƙa wa gwamnati ganuwar Ako cikin lumana. Samurai kimanin 300 suka wayi gari babu ubangida, babu albashin shinkafar da suke rayuwa a kai, suka zama abin da Japanawa ke kira ronin.

Ya kamata a dakata a dubi su wane ne waɗannan mutane, domin fina-finai sun saba nuna su kamar gogaggun 'yan yaƙi. Manyan yaƙe-yaƙen basasar Japan sun ƙare da faɗuwar ganuwar Osaka a 1615, tawaye na ƙarshe mai girma kuma an murƙushe shi a Shimabara a 1638. Ke nan a 1701 samurai ɗan shekara 40 bai taɓa ganin fagen fama ba, mahaifinsa ma da wuya ya gani. Magatakarda ne da masu karɓar haraji da masu lura da rumbuna, waɗanda ke rataye takubba biyu a ƙugu don a san ajinsu. Cikin mutanen Ako, Horibe Yasubei ya yi fice ne daidai saboda ya taɓa kashe mutane a wata fafatawa a Takadanobaba a 1694, abin da ya nuna ƙarancin irinsa. Mayaƙin da ba shi da yaƙi, abin da ya rage masa da zai bambanta shi da ɗan kasuwar da ya fi shi kuɗi shi ne sunansa, da shirinsa na mutuwa a kan sunan. A ganina wannan ne ya sa labaran mutunci da fansa suka fi yin kasuwa a lokacin zaman lafiya, domin wanda ke cikin yaƙi na gaske yunwa da ciwo da neman tsira ne a gabansa, ba ya da sararin ƙawata mutuwa.

Wata 21 suka shuɗe tsakanin mutuwar Asano da harin, kuma ba a kan ra'ayi ɗaya aka shafe su ba. Horibe da 'yan ɓangarensa na Edo sun matsa a far wa Kira nan take. Oishi kuwa burinsa na farko shi ne a maido da gidan sarautar ta hannun ƙanen marigayin, Asano Daigaku, wanda da an samu, da mutane sun koma bakin aikinsu, da wataƙila ba a zub da jini ba. Sai a tsakiyar 1702, da gwamnati ta tura Daigaku zaman tsaro a wurin danginsu na Hiroshima, ƙofar ta rufe, sannan Oishi ya amince da harin. Daga nan ya yi wata dabara: ya aika a mayar wa kowa takardar rantsuwar da ya sa wa hannu, a ce masa an fasa. Wanda ya karɓa ya yi shiru an rabu da shi, wanda ya fusata ya ƙi karɓa shi aka riƙe. Mutum sama da 100 da suka yi alkawari tun farko suka ragu zuwa wajen 50, wasu kuma suka zame a makonnin ƙarshe.

Oishi ya bar littafin lissafin kuɗin da aka kashe, wajen ryo 700, wato kuɗin zinariya na lokacin, wanda ya aika wa matar marigayin kafin harin, kuma yana nan har yau. Wanda ya duba shi zai tarar da kuɗin addu'o'i ga mamacin, da kuɗin hanya tsakanin Kiyoto da Edo, da kuɗin haya, da tallafin abinci ga waɗanda talauci ya ci ƙarfinsu, kuɗin makamai kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsu. Zancen cewa Oishi ya tare a gidajen shaye-shaye da mata a Kiyoto don ya yaudari 'yan leƙen asirin Kira ya zama ginshiƙi a ƙagaggun labaran, ko da yake ba a buƙatar wata dabarar yaƙi kafin a fahimci mutumin da ya rasa komai, ya kuma san kwanakinsa ƙidayayyu ne, ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa.

A daren 14 ga wata na 12 na kalandarsu, wanda ya zo daidai da ƙarshen Janairun 1703, mutum 47 suka afka wa gidan Kira a unguwar Honjo kafin asuba. Oishi ya jagoranci masu shiga ta ƙofar gaba, ɗansa Chikara, wanda bai wuce shekara 16 ba, ya jagoranci na baya, kuma cikinsu har da Horibe Yahei, tsoho da ya haura 70. Sun saka sulke a ƙarƙashin tufafinsu, sun kafa takardar da ta bayyana manufarsu a bakin ƙofa, sun sanar da maƙwabta cewa ba da su ake ba, maƙwabtan kuma suka zuba ido. Bayan kimanin sa'a biyu aka gano Kira a ɗakin ajiye gawayi, aka tabbatar da shi ta tabon saran da Asano ya yi masa, aka sare kansa. Babu ko ɗaya daga maharan da ya mutu. Suka ratsa birnin da ƙafa har zuwa wurin bauta na Sengakuji inda kabarin ubangidansu yake, suka ajiye kan a gabansa, suka aika mutum biyu su kai rahoton kansu ga hukuma. Ɗaya daga cikinsu, Terasaka Kichiemon, mafi ƙanƙantar muƙami, ya ɓace a hanya, shi ya sa 46 ne suka shiga hannu.

Gwamnatin Tokugawa ta shiga tsaka mai wuya, domin ita ce ke koyar da cewa biyayya ga ubangida ita ce kan gaba a ɗabi'un samurai, ga kuma waɗanda suka cika wannan biyayya ta hanyar take hukuncinta a tsakiyar babban birninta. Dokar lokacin ta yarda da ɗaukar fansa, amma da sharuɗɗa: a nemi izini a rubuce, kuma a saba yin sa ne don jinin uba ko wa ko wani na gaba a dangi, a kan wanda ya yi kisan. Mutanen Ako ba su nemi izini ba, sannan babbar matsalar ita ce Kira bai kashe Asano ba, Asano ne ya nemi kashe shi. Wanda ya kashe Asano hukuncin Shogun ne.

Malaman zamanin sun yi ta kai ruwa rana a kan wannan. Muro Kyuso ya rubuta littafi yana kiran su mutanen gaskiya. Sato Naokata ya ce masu laifi ne da suka ƙara laifi a kan na ubangidansu. Ra'ayin da ake jingina wa Ogyu Sorai ya raba abin gida biyu, cewa abin da suka yi daidai ne a tsakaninsu da ubangidansu, amma in aka bar son zuciyar gida ya rinjayi dokar ƙasa, babu dokar da za ta sake tsayawa. Yamamoto Tsunetomo, wani tsohon samurai na Saga, ta wani gefe ya soke su: jinkirin ne laifinsu, domin da Kira ya mutu da ciwon ajali a cikin watannin nan, da sun tashi a tutar babu, kuma a wurinsa mai mutunci yakan afka ne nan take ko da zai faɗi. Amma wanda ya taɓa inda ke ciwo shi ne Dazai Shundai, wanda ya ce in ƙulli ne, da gwamnatin da ta yanke hukuncin ya kamata su ƙulla, su tsaya a ganuwar Ako su yaƙi rundunarta har su mutu. A taƙaice, an bar jaki an daki taiki. Wannan ita ce tambayar da na ga mafi yawan masu ƙaga labarin suna kewaye ta, kuma ba don ba su gane ta ba.

Bayan mako bakwai aka yanke hukunci. Ranar 20 ga Maris 1703, a gidajen iyayen ƙasa huɗu da aka rarraba su, aka umarci mutum 46 su kashe kansu irin na samurai, maimakon a fille musu kai kamar 'yan fashi. Doka ta samu abin da take so, su ma sun samu mutuwar da suke so, aka binne su kusa da ubangidansu.

Masu wasan kwaikwayo ba su ɓata lokaci ba, amma gwamnati ta haramta nuna al'amuran gidajen samurai na zamani a dandali, saboda haka dole aka sauya sunaye aka mayar da labarin wani ƙarni. Wanda ya danne sauran shi ne Kanadehon Chushingura, wasan 'yar tsana mai kashi 11 da marubuta uku suka haɗa aka fara nunawa a Osaka a 1748, wanda ya kai labarin ƙarni na 14, ya mai da Asano Enya Hangan, Kira ya zama Ko no Moronao, Oishi kuma Oboshi Yuranosuke. Abu na farko da marubutan suka yi shi ne cike giɓin nan. Moronao na wasan mutum ne mai girman kai da karɓar rashawa wanda ya nemi matar Enya, da ta ƙi shi sai ya huce a kan mijin da baƙaƙen maganganu har haƙurinsa ya ƙare. Da wannan gyara guda ɗaya komai ya daidaita: mai kallo ya samu wanda zai tsana, saran farko ya zama kare mutuncin iyali, hukuncin mahukunta kuma ya koma kamar ƙaddarar da ba a tuhuma. Fushin da ya kamata ya hau sama an karkatar da shi gefe, kan mutum ɗaya da za a iya kashewa ba tare da an girgiza gadon mulki ba.

Sai dai zalunci ne a ce wasan farfaganda ce kawai, domin abin da ya riƙe zukatan mutane a cikinsa ba harin ba ne, wanda bai zo ba sai a kashi na ƙarshe. Tsakiyar wasan na waɗanda suka gaza ne. Akwai Kanpei, matashin da ya tafi wurin masoyiyarsa Okaru a daidai lokacin da ubangidansa ke bukatarsa, wadda daga baya aka sayar da ita gidan karuwai don a samo masa kuɗin shiga cikin masu fansa, shi kuma ya kashe kansa bisa zaton ya harbe surukinsa. An gina shi ne a kan mutum na gaske, Kayano Sanpei, wanda ya kashe kansa a 1702 da ya rasa yadda zai haɗa umarnin mahaifinsa da alkawarin da ya ɗauka. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya yarda a kashe ɗansa da ya tona asirin makaman da ya tanadar musu. Masu sayen tikitin Osaka 'yan kasuwa ne da masu sana'a, kuma marubutan sun san cewa abin da zai sa su kuka shi ne bashi da rabuwa da 'ya'ya, sannan sun ba su wakili a cikin jaruman don su ji su ma suna da rabo a mutuncin da aka ce na samurai ne kaɗai. Gangar da Oishi ke bugawa a bakin ƙofa, da riguna iri ɗaya masu zanen baƙi da fari da kowa ya san su da su, duk daga dandali suka fito.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda labarin fansa ke da sauƙin aro. A 1868 sabon Sarki Meiji, wanda aka kifar da gidan Tokugawa da sunansa, ya aika saƙon yabo zuwa kaburburan Sengakuji, shekara biyar bayan haka kuma, a 1873, gwamnatinsa ta haramta ɗaukar fansa kwata-kwata ta ce hukunci na ƙasa ne. Fansar aka jefar, biyayyar aka riƙe, aka juya ta daga uban ƙasa zuwa ga sarki da tuta. A shekarun yaƙin duniya na biyu an yi amfani da labarin wajen cusa wa matasa son mutuwa saboda na sama, ko da yake fim ɗin da Mizoguchi Kenji ya fara fitarwa a Disamban 1941 bai nuna harin ba sam, sai dai aka karanta labarinsa a wasiƙa, kuma bai yi kasuwa ba. Da Amurka ta mamaye ƙasar a 1945, hukumominta sun hana wasan bisa dalilin cewa yana ɗaukaka ramuwa da makauniyar biyayya, har zuwa 1947 da aka sake shi. Marubutan ƙarni na 20 kuma wasu sun karanta shi a matsayin bore ga gwamnati mai ruɓa, wato sun komo kusa da inda Dazai ya tsaya. Har yanzu duk ranar 14 ga Disamba ana biki a Sengakuji da garin Ako.

Waɗanda ba su da wuri a labarin sun fi waɗanda ke ciki yawa. Sama da mutum 200 na gidan Asano da ba su shiga harin ba sun ƙare rayuwarsu da tambarin ragwanta, kuma Ono Kurobei, jami'in kuɗin da ya saɓa wa Oishi, an ɗan murɗa sunansa a wasan aka mai da shi maci amana ɗan leƙen asiri. A gidan Kira an kashe mutum fiye da 15 a daren, akasarinsu an tashe su daga barci ba sulke, kuma sun mutu ne suna yin daidai abin da ake yabon maharan da shi, wato tsayawa a kan ubangida. Jikan Kira kuma magajinsa, Yoshichika, matashin da ya ɗauki makami ya yi faɗa har aka ji masa rauni, a ranar da aka kashe mutanen Ako aka ƙwace gidansa bisa zargin bai kare kakansa yadda ya kamata ba, aka tura shi tsaro a Suwa inda ya rasu a 1706. A tsohuwar ƙasar Kira, wadda yanzu take cikin birnin Nishio a lardin Aichi, mutanen wurin suna tunawa da shi a matsayin uban ƙasa nagari da ya gina musu madatsar da ta kare gonakinsu daga ambaliya, kuma sun daɗe suna ƙorafi a kan yadda ake nuna shi a dandali da talabijin.